Haikalin Tanjabur na ƙasar Indiya: ginin dutse da ya riƙe lissafin wata daula shekara dubu

A kudancin ƙasar Indiya, cikin jahar Tamil Nadu, akwai wani tsohon birni mai suna Tanjabur, wanda Turawa suka sani da sunan Tanjore. Tsakaninsa da birnin Cennai, wanda a da ake kira Madras, tafiyar kimanin kilomita 350 ce. Duk wanda ya doshi wannan birni ta cikin gonakin shinkafa, tun daga nesa zai hangi wata hasumiya ta dutse, mai faɗi a gindi, tana tsukewa hawa-hawa har zuwa sama. Tsayinta ya kai wajen mita 60. Ita ce hasumiyar haikalin Birihadishwara, wato babban ɗakin bauta na mabiya addinin Hindu, wanda aka gama gininsa a shekara ta 1010. Mutanen garin ba su cika kiran wannan dogon suna ba. A harshensu na Tamil, Babban Haikali kawai suke ce masa.

Yawancin masu zuwa ziyara sama suke ɗaga kai. Amma wanda ya sunkuya ya dubi gindin ginin zai ga abin mamaki na biyu. Rubutu ne aka sassaƙa a jikin dutse, layi bisa layi, har ya zagaye ginin. A cikinsa akwai sunan wanda ya ba da kyauta da nauyin abin da ya bayar, akwai sunan ma'aikaci da albashinsa, akwai sunan ƙauye da yawan shinkafar da zai kawo kowace shekara. Saboda wannan rubutu ne masu binciken tarihi suka san haikalin Tanjabur fiye da yadda suka san yawancin gine-ginen wancan zamani. To, masu karatu, bari mu duba yadda aka yi ginin, da abin da rubutun ya ƙunsa, da yadda su biyun suka kawo yau.

Colawa da sarkinsu Rajaraja

Arzikin wannan yanki daga kogin Kaberi yake. Kafin kogin ya faɗa teku yakan rarrabu rassa-rassa, ya shayar da fadama mai faɗin gaske, inda ake noman shinkafa tun zamanin da. A kan kogin akwai wata tsohuwar madatsar ruwa ta dutse mai suna Kallanai, wadda ake danganta gininta ga wani sarki na dauri, Karikala, kuma har yanzu tana aiki. Wanda ya mallaki wannan fadama ya mallaki rumbun kudancin Indiya.

Wajen shekara ta 850 wani basarake mai suna Bijayalaya, daga gidan sarautar Cola, ya ci birnin Tanjabur da yaƙi ya mai da shi mazauninsa. Zuriyarsa suka yi ta faɗaɗa ƙasa, wani lokaci su ci gaba, wani lokaci a kore su baya, har sarauta ta faɗo hannun Arulmoli a shekara ta 985. Shi ne ya ɗauki laƙabin Rajaraja, ma'ana sarkin sarakuna.

Rajaraja mayaƙi ne. Ya karya Pandiyawa da ke kudu da shi, ya karya Cerawa na gaɓar yamma, ya gwabza da Calukiyawa na arewa. Ya ƙetara teku da jiragen ruwa ya kama arewacin tsibirin Silan, wato Siri Lanka ta yau, inda tsohon babban birninsu Anuradapura ya faɗi wajen shekara ta 993. Daga baya ya kai har tsibiran Maldib. Bayan yaƙi kuma mutum ne mai son tsari. Wajen shekara ta 1000 ya sa aka auna gonakin ƙasarsa, domin a san faɗin kowace gona da harajin da ya hau kanta. Ƙauyuka suna da majalisunsu masu kula da tafkuna da rabon ruwa da tattara haraji, sarki kuma yana aika ma'aikatansa su duba lissafi.

Sarakunan Cola da suka gabace shi sun gina ɗakunan bauta da dutse masu yawa, amma duk matsakaita ne. Wajen shekara ta 1003 Rajaraja ya sa aka fara wanda zai ninka su tsayi sau da yawa. Ya raɗa masa suna Rajarajeshwaram, sunan da ya haɗa laƙabin sarkin da na Shiba, abin bautarsa. Sunan Birihadishwara daga baya ya zo. Rubutun jikin ginin ya nuna cewa a rana ta 275 ta shekara ta 25 da hawansa gadon sarauta, sarki ya miƙa tulun jan ƙarfe da aka lulluɓe da zinariya domin a ɗora shi a ƙololuwar hasumiya. Daga wannan ne aka san cewa an kammala aikin a 1010.

Yadda aka tsara ginin

Haikalin yana fuskantar gabas. Mai shiga zai ratsa manyan ƙofofi biyu, kowace da benenta a bisa. Ta farko sunanta Keralantakan, laƙabin da sarki ya samu saboda nasararsa a kan Cerawa. Ta biyu kuwa sunan Rajaraja kansa take ɗauke da shi, kuma a gefenta biyu akwai siffofin masu gadi, manya-manya, kowane an sassaƙa shi daga dutse guda. Daga nan sai mutum ya faɗa cikin haraba mai tsawon kimanin mita 240 da faɗin mita 120. An kewaye ta da bango mai rumfa ta ciki a kan ginshiƙai. Wani babban hafsan sarki mai suna Kirishnan Raman ne ya gina wannan kewaye bisa umurnin ubangidansa, kuma an rubuta hakan a jikinsa.

Abubuwan da ke cikin harabar an jera su a kan layi ɗaya daga gabas zuwa yamma. Da farko akwai rumfar wani ƙaton bijimi na dutse, a kwance, tsawonsa wajen mita 6. Sunansa Nandi, kuma a imanin ƴan Hindu shi ne abin hawan Shiba, don haka kullum fuskarsa tana duban ɗakin ubangidansa. Bayan bijimin akwai zauruka biyu masu ginshiƙai, inda jama'a ke taruwa. Daga can ƙarshe sai ƙuryar ɗaki, wadda masu hidimar bauta kaɗai ke shiga. A cikinta akwai wani mulmulallen dutse a tsaye, wanda ya haura mita 3, ana kiransa linga, shi ne alamar Shiba. A bisa wannan ƙurya hasumiyar ta tashi.

Gindin hasumiyar murabba'i ne, kowane gefe wajen mita 30. Bangon ya miƙe tsaye hawa biyu, an yi masa tagogi na ado, a cikin kowace akwai siffar Shiba ko ta wani daga cikin abubuwan bautarsu. Daga nan sai hawa 13 suka biyo baya, kowane ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har aka kai ga wata ƙubba ta dutse a can sama. Masu ginin suna nufin hasumiyar ta yi kama da dutsen Meru, wanda a littattafan Hindu shi ne tsakiyar duniya. A nan akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. A manyan haikalan kudancin Indiya da aka faɗaɗa daga baya, kamar na Madurai da na Sirirangam, benayen ƙofa ne suka fi komai tsayi, ƙuryar bauta kuwa ta zama ƴar ƙarama a tsakiya. A Tanjabur ƙofofin ne gajeru, hasumiyar ƙurya ita ta mamaye komai, ta yadda idon mai shigowa ba ya da wurin zuwa sai gare ta.

Dutse a ƙasar da ba ta da dutse

An yi ginin da garanit, dutse mai taurin gaske wanda ke cin ƙarfen mai sassaƙa. Tanjabur kuwa ƙasar fadama ce, laka da yashi. Ke nan sai da aka faso duwatsun daga wurare masu nisa, aka jawo su har bakin aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: akwai masu fasa dutse, da masu ja, da maƙeran da ke wasa kayan aiki, da masu sassaƙa, da masu ciyar da su duka, har tsawon kimanin shekara bakwai. Rubutun ya ambaci babban maginin da laƙabinsa, Kunjara Mallan Rajaraja Perundaccan, wato babban maginin Rajaraja.

Dabarar da ta sa hasumiyar ta tsaya ta cancanci bayani. Ba a cika cikinta da duwatsu ba, rami ne tun daga bisan ƙurya har zuwa sama. Magina sun kewaye ƙuryar da bango biyu, ɗaya a cikin ɗaya, da siririn lungu a tsakaninsu. Da suka kai ƙarshen hawa na biyu sai suka riƙa turo duwatsun kowane bango zuwa ga ɗan uwansa har suka haɗe, suka zama kauri guda mai iya ɗaukar kaya. Daga nan kowane layi na duwatsu aka turo shi ciki kaɗan fiye da wanda ke ƙarƙashinsa, ramin yana tsukewa, har bakinsa ya rufe. An sassaƙa duwatsun yadda za su zauna daram a kan juna, nauyinsu ne ke danne su. Ramin ciki ya rage nauyin da ke kan gindi, faɗin gindin kuma ya raba abin da ya saura.

Ƙubbar da ke sama an ƙiyasta nauyinta wajen tan 80. Mutanen yankin suna ba da labari cewa an tara tudun ƙasa mai gangare tun daga wani ƙauye mai suna Sarapallam, tafiyar kilomita da dama, giwaye suka jawo dutsen a kansa har ƙololuwa. Wasu masana gini suna ganin tudun ya zagaye hasumiyar ne yana hawa tare da ita, kuma ƙubbar haɗe-haɗen duwatsu ce. Akwai kuma zancen da ake yawan yi wa baƙi, wai inuwar hasumiyar ba ta taɓa faɗuwa ƙasa. Wannan ƙarin gishiri ne, domin duk wanda ya tsaya a harabar da safe ko da yamma zai ga inuwarta shimfiɗe.

A cikin lungun nan na tsakanin bango biyu akwai ayyuka biyu na gwaninta. A hawa na ƙasa masu zane sun yi hotuna a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa, ta yadda launi ya shige cikin yaɓen yayin da yake bushewa. Akwai hoton Shiba a kan keken yaƙi, akwai na sarki da matansa suna bauta. A hawa na sama kuma an fara sassaƙa siffofin rawa 108 da tsohon littafin rawa na Indiya ya lissafa. An gama 81. Sauran duwatsun suna nan a jere, sumul, ba a taɓa su ba.

Abin da aka rubuta a jikin bango

A shekara ta 26 ta sarautarsa, Rajaraja ya ba da umurni cewa a sassaƙa a jikin dutsen hasumiyar duk abin da shi kansa ya bayar, da abin da yayarsa ta bayar, da na matansa, da na sauran masu kyauta. Yayar tasa sunanta Kundabai, kuma kyautarta tana daga cikin mafi yawa. An rubuta na uwargidansa Lokamahadebi, da na hafsoshi, da na manyan ma'aikata.

Yadda aka yi lissafin ya nuna irin mutanen da suka yi shi. Idan an kawo abin wuya, sai a ƙirga lu'ulu'un da ke jikinsa, a rarraba su iri-iri, a faɗi masu kyau, a faɗi masu tabo ko tsagewa. Sa'an nan a auna shi bayan an cire nauyin zare da na ƙaro da ƙusoshin da suka riƙe shi, a rubuta kuɗinsa. Idan siffa ce ta tagulla, sai a auna tsayinta, a ƙirga hannuwanta, a bayyana abin da take tsaye a kai. Haikalin yana da nasa dutsen awo da nasa ma'aunin hatsi, irin tiyarsu, duka biyun ana kiransu Adaballan, ma'ana gwanin rawa, ɗaya daga cikin laƙabobin Shiba. Da su ake karɓa, da su ake biya.

Rubutun da ya fi shahara shi ne na ma'aikata, waɗanda yawansu ya haura 600. A cikinsu akwai mata 400 masu rawar bauta, waɗanda aka kawo daga haikalan garuruwa daban-daban. An rubuta sunan kowace, da garin da ta fito, da gidan da aka ba ta a unguwannin da ke kusa da haikalin, gida na nawa ne a wane jeri. Kowace tana da rabo ɗaya, wato amfanin gona mai faɗin da suke kira beli, wanda aka ƙayyade shi kalam 100 na shinkafar da ba a casa ba a shekara. Kalam babban ma'aunin hatsi ne nasu. An kuma shimfiɗa ƙa'idar gado: idan mai rabo ya mutu ko ya ƙaura, ɗan uwansa na kusa zai karɓi rabon ya yi aikin, in kuwa bai iya aikin ba, a nemo wanda ya iya.

Bayan masu rawa akwai malaman rawa, da makaɗa, da masu busa, da mawaƙa. Akwai maɗinka, da maƙeran zinariya, da maginan tukwane, da masu wanki, da wanzamai, da masu riƙe laima, da masu kunna fitilu, da masu duban taurari, da masu lissafi. Kowane da rabonsa, wani rabo biyu, wani rabi. A wani rubutun dabam an naɗa mutum 48 masu rera waƙoƙin yabon Shiba da harshen Tamil, tare da makaɗa biyu. An kuma ɗora wa ƙauyuka masu yawa nauyin aiko da masu gadi da ma'aji da masu hidima.

Fitilu, tumaki da bashi

Babbar tambaya ga duk mai kafa irin wannan wuri ita ce yadda hidima za ta ɗore bayan ransa. Dabarar Colawa ita ce kada dukiya ta kwanta a ɗaki. Misali mai kyau shi ne na fitilu. Ana kunna fitilun haikali da narkakken man shanu, kuma ana so su ci kowace rana. Maimakon a riƙa sayen mai, sai a raba wa makiyaya dabbobi. Domin fitila ɗaya ana ba da tumaki 96, ko shanu 48, ko ɓaunar gida 16. Makiyayi zai riƙa kawo ƙayyadadden awo na mai kowace rana. Abin da ya ragu na nono da ƴaƴan da aka haifa nasa ne, amma adadin garken ba ya raguwa, in wata ta mutu shi zai cike gurbinta. Don haka ne rubuce-rubucen Colawa ke kiran irin waɗannan dabbobi marasa mutuwa marasa tsufa. An sassaƙa sunayen makiyayan, da na ƴan uwansu da za su ɗauki nauyin tare da su.

Haka aka yi da kuɗi. Abin da aka bayar kyauta, ma'ajin haikali yakan ba da shi bashi ga majalisun ƙauyuka, su biya ruwa kashi ɗaya cikin takwas kowace shekara, ko da kuɗi ko da shinkafa. Uwar kuɗin tana nan, ruwan ne ake kashewa. An rubuta abin da kowane ruwa zai saya: wannan na kafur ne, wannan na kayan ƙamshin ruwan wanka ne, wancan kuma an ba ƴan kasuwa domin su riƙa kawo ayaba. Ta wannan hanya haikalin ya zama ma'ajin daula, mai ba da bashi, mai ɗaukar ma'aikata, kuma ya ɗaure ƙauyuka masu nisa da babban birni.

Ya kamata a faɗi inda wannan dukiya ta fito, kuma rubutun kansa bai ɓoye ba. Wani kaso na zinariya da azurfar ganimar yaƙi ce da aka kwaso daga Cerawa da Pandiyawa. Akwai furannin zinariya da sarki ya miƙa bayan ya dawo daga yaƙi da Satiyashraya, sarkin Calukiyawa. Ƙauyukan da aka ɗora wa ciyar da haikalin ba a fadamar Kaberi kaɗai suke ba, har da na ƙasashen da aka ci da yaƙi, ciki har da wasu a tsibirin Silan, waɗanda ke aiko da shinkafa da kuɗi da man fitila. Hasumiyar da ke ba baƙo sha'awa a yau, guminta na manoma ne da na waɗanda aka ci garuruwansu.

Bayan Colawa

Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Rajaraja ya rasu a 1014. Ɗansa Rajendara ya fi shi nisan yaƙi, domin sojojinsa sun kai bakin kogin Ganga a arewa, jiragensa kuma sun kai wa daular Siribijaya ta tsibirin Sumatara hari a 1025. Amma ya bar Tanjabur ya gina sabon babban birni, Gangaikonda Colapuram, da haikali irin na mahaifinsa wanda bai kai shi tsayi ba. Tun daga nan hasken Tanjabur ya fara dusashewa. A 1279 daular Cola ta ƙare a hannun Pandiyawa.

Waɗanda suka mulki garin daga baya kowane ya bar alamarsa a harabar. A zamanin Pandiyawa aka gina ɗakin matar Shiba. Nayakawa, waɗanda suka yi mulki daga ƙarni na 16 zuwa 1673, su suka kewaye wurin da ganuwa da rami, suka kafa bijimin da ake gani yanzu, suka gina ƙaramin ɗakin Subramaniya wanda ake yabon kyawun sassaƙarsa. Masu zanensu kuma suka shafe hotunan Colawa da sabon yaɓe suka yi nasu a kai. Bayansu Maratawa suka zo, zuriyar Benkoji, ɗan uwan shahararren sarki Shibaji. A 1758 sojojin Faransa daga Pondisheri, ƙarƙashin janar Lally, sun yi wa Tanjabur ƙawanya ba su ci nasara ba. Sarki Sarfoji na biyu, wanda ya yi sarauta daga 1798 zuwa 1832, ya yi wa haikalin gyara mai yawa, ya kuma sa aka sassaƙa tarihin gidansu da harshen Marati a jikin bango. A 1855 Ingilishi suka shafe sarautar suka haɗe ƙasar da tasu.

A cikin waɗannan ƙarnuka zinariyar ta tafi, lu'ulu'un ya tafi, mafi yawan siffofin tagulla da aka lissafa sun ɓace. Fadar Rajaraja ba ta bar bango a tsaye ba. Har sunan mai ginin ya shige wa jama'a duhu. Salon haruffan Tamil ya sauya, masu iya karanta tsohon rubutu suka yi ƙaranci, tatsuniyoyin gari suka riƙa danganta haikalin ga wasu sarakuna, har da Karikala wanda ya rigayi Rajaraja da ɗaruruwan shekaru. Amsar tana nan a jikin bango, mutane suna wucewa ta gabanta kullum.

Yadda bangon ya sake magana

A 1886 hukumar Madras ta ɗauki wani masani Bajamushe, Eugen Hultzsch, aikin karanta tsofaffin rubuce-rubucen dutse. Shi da mataimakinsa Benkayya, ɗan ƙasar, suka kwafi rubutun Tanjabur, suka fassara shi, aka fara buga shi a 1891. A nan ne ya tabbata cewa Rajaraja ne mai ginin, aka san shekarar gamawa, aka san sunayen ma'aikata. A 1931 kuma wani malamin tarihi na jami'ar Annamalai, S. K. Govindaswami, ya shiga lungun nan mai duhu da fitila, ya lura cewa inda yaɓen Nayakawa ya ɓare akwai wani zane a ƙarƙashi. Hotunan Colawa ne. Daga baya ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya suka samo dabarar ɗaye zanen sama ba tare da ya lalace ba, suka manna shi a kan wani allo dabam, na ƙasa ya fito fili.

A 1954 babban bankin Indiya ya buga hoton haikalin a kan takardar rupi 1000, wadda aka daina karɓa a 1978. A 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya, a 2004 kuma ta haɗa shi da haikalin Gangaikonda Colapuram da na Darasuram, ta kira su manyan haikalan Cola masu rai, domin har yanzu ana bauta a cikinsu. A watan Satumba na 2010 aka yi bikin cikarsa shekara 1000, inda masu rawa 1000 suka yi rawa tare a harabar.

Kasancewar wurin yana da rai shi ne kuma ke kawo wuyar kula da shi. Hukumar kayan tarihi tana son kada a taɓa dutse, masu bauta kuwa suna buƙatar wuta da mai da taron jama'a. A watan Yuni na 1997, lokacin babban bikin tsarkake haikalin, wuta ta kama rumfar da aka kafa domin bikin, mutane fiye da 40 suka mutu. Ba a sake irin wannan biki ba sai a watan Fabrairu na 2020. Kafin a yi shi ma sai da aka je kotu a kan harshen da za a yi addu'o'in da shi, babbar kotun Madras ta amince a yi da Tamil da Sanskirit duka biyu.

Rabon shinkafar da Rajaraja ya yanka ya daɗe da tsayawa. Al'adar keɓe mata ga haikali doka ta hana ta a jahar Madras tun 1947. Tumakin da aka ce ba sa mutuwa ba sa tsufa, babu mai kawo mansu yanzu. Abin da ya saura shi ne hasumiyar da rubutun da ke gindinta. Wanda ya koyi tsofaffin haruffan Tamil zai iya tsayawa a harabar yau ya karanta sunan mai rawa da lambar gidanta, da sunan makiyayi da yawan tumakin da aka damƙa masa, kamar yadda masu lissafin sarki suka rubuta su shekara dubu da suka wuce.